Lasifikar Dama a Ɗakin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa a unguwar Zango ta Damagaram, da rediyon wani a cinyarsa bai gama ɗaure ta ba. Allah da ya ara mana shi ya karɓi abinsa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa mun dawo.

Ban zaci jama'a za ta zo kamar yadda ta zo ba. Kowa ya san halin da ake ciki bana. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rijiyoyi sun ja baya, mutum ba ya yin tafiyar da ba ta zama dole ba. Amma tun washegari sai ga baƙi. Wasu sun tako da ƙafa daga ƙauyukan Dogo, wasu sun hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, daga Takieta. Yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Su zauna a tabarma, su yi mana gaisuwa, a shafa fatiha, sai ka ga mutum yana satar kallon ƙofar ɗakin kawu. Can sai ya matso ya ce a hankali, "Ko zan iya leƙawa?"

Na bar su suna leƙawa. Abin da na lura shi ne, duk wanda ya shiga ba ya kallon kayan sautin da kawu ya yi suna da su. Bango yake kallo. Bangon kuwa ba kome a jikinsa sai ƙusoshi layi-layi, da tabon inda takardu suka daɗe suna rataye.

Wani tsoho mai sanda ya daɗe tsaye a gaban bangon. Sannan ya juyo ya ce mini, "Ina nawa?"

Na ce, "Naka me, Baba?"

Ya ce, "Nawa. Mai kare. A nan yake, kusa da taga."

Ban gane ba. Na ce masa an sauke hotunan ne saboda wankan gawa. Ya dube ni kamar na ce masa an yi wata rasuwar. Ya fita, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ni na sauke hotunan. Gara in faɗa tun yanzu. Shekara biyu ke nan ina zuwa karatun manya, kuma ban taɓa rubuta abu mai tsawon wannan ba. Ina rubutawa ne don kada a manta da kawu, kuma ba zan iya kawo labarinsa in ɓoye nawa laifin ba.

Sana'arsa gyaran rediyo. Amma in ka kira shi mai gyaran rediyo sai ya ɓata rai, ya ce wannan ta cin tuwo ce kawai, shi aikinsa sauraro. Wani Bature malamin lakol, wato makarantar boko, shi ne ya bar masa kayan da zai koma ƙasarsu, saboda kawu ya daɗe yana yi masa gyara. Akwai garmaho mai aiki da lantarki. Akwai manyeto, wato na'urar ɗaukar magana mai faifan zare biyu da ke juyawa. Akwai kwali cike da ƙananan faya-fayan zare. Sai lasifika biyu, kowace ta kai tsayin turmi. Kawu ya ajiye ɗaya a kusurwar hagu, ɗaya a kusurwar dama, ya auna tsakiya da igiya, ya binne gindin kwalba a daɓen. Ya ce nan ne wurin zama. In ka gota da taki ɗaya sai ya kama kafaɗarka ya mayar da kai.

Yana da wani faifai da ba waƙa a cikinsa, sai ƙarar jirgin ƙasa yana tahowa daga hagu ya wuce dama. Shi yake sa wa baƙo. Na ga manomi ya yi tsalle ya manne da bango, ya bar takalminsa a tsakar ɗaki. Fataken Kano da ke zama a ƙofar suka fashe da dariya, ɗayansu ya ce, "Kai Badamagare, jirgi ne, ba ya cizo!"

Kawu ya ce, "Kai da ka saba da shi, ai na ga ka janye ƙafa."

Hotunan kuwa tallace-tallace ne na irin waɗannan kayan sauti, daga mujallun Turawa da ke ƙarewa a kasuwa ana ƙunshe ƙusa da sabulu da su. Kawu kan bi rumfuna yana duba takardun ƙunshi. In ya ga wadda ta yi masa, ya karɓo, ya shimfiɗa ƙyalle a kanta ya goge ta da dutsen guga, ya manna ta a kwali da ƙaro, ya sa mata zare, ya rataye. Bai iya karanta ko harafi ɗaya a jikinsu ba, amma ya san kowace na'ura kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya nuna wata ya ce, "Wannan, in ta yi magana, har numfashin mai busa za ka ji kafin ya busa." Bai taɓa ganin ta da idonsa ba.

A cikin hotunan akwai mutane. Baturiya kwance a kan darduma da kare a gefenta. Mutum mai lofe ya rufe ido. Mata da miji sun ba juna baya, kowa na fuskantar lasifikarsa. Ba na son zama ni kaɗai a ɗakin. Rufin kwano ne, kuma da tsakar rana in ya ɗau zafi, sai ka ga takardun suna motsi kaɗan-kaɗan alhali ba iska.

Kawu ba ya shiga ɗakin sai ya yi sallama, ko da ba kowa a ciki. In an kira salla sai ya lulluɓe lasifikun da zane. Na taɓa tambayarsa wa yake yi wa sallama. Ya ce, "Akwai mutane a ciki." Bai yi dariya ba.

Wannan ya samo asali ne tun farin farko, shekara goma da wani abu da suka wuce. A lokacin ne ni ma na baro ƙauyenmu da matata, ba mu da ko tiya ɗaya ta hatsi, kawu ya ba mu ɗaki ya haɗa ni da magina na koyi gini. Mutane suna ta ratsa Damagaram suna yin kudu. Gida ɗaya ya rabu uku: miji ya bi dabbobi, mata ta bi 'yan'uwanta, tsofaffi sun ƙi tashi. Wata rana wani mutum ya tsaya a ƙofar kawu ya tambaya ko rediyo za ta iya kira masa ƙanensa. Kawu ya ce ba za ta iya ba. Sannan ya ce, "Amma zan iya ajiye maka maganar har ya zo."

Daga nan labari ya bazu a tasha da bakin rijiyoyi, cewa akwai mai rediyo a Zango da ke ajiye magana. Manyeton kawu tana iya ɗaukar murya a gefe ɗaya na zaren ta bar ɗaya gefen. To sai ya tsara abinsa: lasifikar hagu ta mai tafiya ce, ta dama ta mai zuwa. Mai tafiya ya faɗi inda ya nufa da abin da ke ransa. In Allah ya kawo wanda aka bar wa saƙon, kawu ya jiyar da shi, sannan ya ɗauki amsarsa a gefen dama, ko mai tafiyar zai dawo wata rana. Mutum ɗaya, faifai ɗaya. Ko goro bai taɓa karɓa ba.

Faya-fayan duk da kiɗa a cikinsu, kuma sai ya goge kiɗan kafin ya ɗauki magana. Na ga ranar da layi ya zo kan wanda ya fi so, na masu busa ƙaho. Ya zauna a kan gindin kwalbar nan ya saurare shi daga farko har ƙarshe, idonsa a rufe. Da ya ƙare sai ya miƙe ya ce wa matar da ke jira a waje, "Shigo, 'yata." Ya ja ƙofa.

Kullum sai ya ja ƙofa. Kuma ba ya jiyar da mutum muryar kansa. Da fari ya taɓa yi, wata tsohuwa ta ji kanta tana magana daga kusurwar ɗaki, ta fita a guje tana cewa an zare mata kurwa. Tun daga ranar ya daina.

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi, bara. Na fara haɗa baƙi, ina jin kaina. Na dubi faya-fayan a kan katakon da ya jera su, a bangon da ke fuskantar hotunan, kwalinsu duk iri ɗaya, ba alama. Na ce, "Kawu, bari in rubuta sunan kowa a kan nasa."

Ya ce, "Wata nawa ka yi a lakol ɗin tsofaffin nan?"

Na ce bakwai.

Ya ce, "Wata bakwai, har ka fara neman abin ɓatawa. In ka rubuta, duk wanda ya iya karatu ya iya ɗauka. A cikin nan akwai wadda ta faɗi gidan da ta bar 'yarta. Akwai wanda ya ce shi ya daka irin shuka ya ci, ya bari aka zargi ƙanensa. So kake mushenku, malamin nan naku, ya zo ya karanta?"

Na ce, "To in ka manta fa?"

Ya ce, "Ina da masu tuna mini."

Na ɗauka aljanu yake nufi, sai raina ya ƙara ɓaci. Na ce masa dattijo kamarsa bai kamata ya cika ɗaki da hotunan mata ba mayafi ba, mala'iku ba sa shiga ɗaki irin wannan. Ya ci gaba da hura ƙurar wata rediyo, bai ɗago ba. Ya ce, "Ranar da za su zo ɗaukata, a waje za su same ni. Kada ka wahalar da kanka."

Mun yi kusan wata ɗaya sai gaisuwa kawai. Shi ya fara saukowa. Ya kira ni in liƙe masa wata tsaga a bangon, ya tsaya a kaina har na gama, yana cewa, "Kada ka matsar da ko hoto ɗaya." Ban tambaye shi dalili ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Ranar da ya rasu, masu wanka suka ce a ɗakinsa za a yi. Na shiga da kwando, na zare hotunan ɗaya bayan ɗaya, na kife su. Har cikin raina na ji na yi masa alheri.

Bayan tsohon nan mai sanda ya fita, sai na shiga cikin gida wurin matar kawu, wadda muke kira Inna. Tana takaba, daga bayan labule take magana. Na gaya mata abin da tsohon ya ce. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ɗan nan, duka ka sauke?"

Na ce duka.

Ta ce, "Ai su ne littafinsa. Duk wanda ya bar magana, sai ya ce masa ya zaɓi hoto ɗaya, ya riƙe a ransa, ya faɗa wa mutanen hanya. Wanda ya zo nema ba ya faɗin suna, hoto yake nunawa. In hoton na layi na biyu ne, na uku daga taga, to faifan ma na layi na biyu ne, na uku. Kai ba ka taɓa ƙirgawa ba?"

Ban taɓa ba. Kullum ina wurin gini. Na koma ɗakin na ɗauko kwandon, na yi ta gwada hotunan da tabon bango. Duk girmansu ɗaya.

Ran kwana huɗu da rasuwar wata mata ta zo da mijinta. Shi Bakano ne, falke, yana kawo kaya kasuwar Damagaram. Ya zauna cikin maza a waje. Ita, bayan ta gaishe da Inna, sai ta aiko a kira ni. Ta kai shekara arba'in, hausarta ta koma ta Kano, amma in ta yi sauri sai ta ƙauyen Takieta ta fito. Ta ce, "Malam, nawa mai kujera ne. Lasifika biyu, da kujera a tsakiya, ba kowa a kanta."

Na samo hoton a cikin kwando. Ta karɓa ta duba, ta ce shi ne. Na tambaye ta ko ta tuna inda yake rataye. Ta ce, "Ina zan tuna? Ranar kwana biyu ban ci kome ba. Bangon ma juyawa yake."

Sai ta ba ni labari. A farin farko, bayan kaka ta zo ba a girbe kome ba, mijinta na fari ya kora 'yan dabbobinsu ya tafi neman ciyawa, ya ce ta jira shi. Ta jira har abinci ya ƙare. Ta biyo 'yan garinsu zuwa Kano, ta tsaya wurin kawu ta bar masa magana. A can wani ya ce mata ya ga gawar mijin a hanya. Ta yi takaba. Bayan Sallar layya ta shekarar da ruwa ya dawo, ta auri wannan falken. 'Ya'yansu huɗu. To watanni kaɗan da suka wuce sai ga wani ɗan ƙauyensu a Kano, yana rantsuwa cewa ya ga mijin nata na fari da ransa a kasuwar Takieta, bayan lokacin da aka ce ya mutu.

Ta ce, "Tun ranar na raba shimfiɗa da maigidana. In da igiyar wani a kaina aka ɗaura wannan auren, to me nake yi shekara goma? 'Ya'yana kuma mene ne sunansu? Na ce a kawo ni wurin mai rediyo, in mutumin nan yana da rai to nan zai fara zuwa. Muna sauka a tasha aka ce ya rasu." Ta ce jibi kamiyon mijinta zai juya.

Na ce mata zan nemo. Ban san ta yaya ba. Hanya ɗaya ce, a sa faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan shi ne abin da kawu ya hana. Na koma bakin labulen Inna. Ta yi tunani ta ce, "Sallama kawai. Kowa da sallama yake farawa, sallama kuwa ta kowa ce. Da an gama ta ka kashe."

Washegari da safe na yi sallama a ƙofar ɗakin, na shiga. Matar ta zauna a tsakiya. Inna ta sa aka kawo mata tabarma bayan ƙofar da ke ɓullewa cikin gida. Na sha ganin kawu yana zura zare, amma hannuna na magini ne, sai da na yi sau biyar kafin ya kama. Na murɗa sautin zuwa hagu.

Muryar wani namiji ta fito daga kusurwa, kusa ƙwarai, kamar yana tsugune a wurin. "Salamu alaikum."

Kafin in kashe sai na ji matar ta ce, "Wa alaikumus salam." Ni ma bakina ya motsa.

Haka muka wuni. In zura zare, in kunna, wani ya yi sallama, mu amsa, in kashe, in naɗe, in mayar da shi gurbinsa. Sun fi arba'in. Wasu muryoyin a shaƙe, wasu da kukan jariri a bayansu. Wani tsoho ya yi sallama sau biyu, kamar yana jiran a amsa masa, har na kasa kai hannu. Ban san nawa ne a cikinsu ke da rai ba. Na maza mukan wuce da sauri. Na mata kuwa sai ta karkata kai, ta saurara, ta girgiza. Yunwa ta mai da muryoyin mata iri ɗaya, siririya, a bushe.

Da la'asar muka kai na ƙarshe. Ta ce, "Ba ni a ciki. Ya goge ni."

Na ce kawu ba ya goge mutum. Ta ce to ina take? Ta tashi ta shiga cikin gida. Mijinta ya dube ni da na fito, na girgiza kai, ya sunkuyar da nasa ya ci gaba da jan carbi.

Da asuba Inna ta aiko kirana. Ta ce, "Ni da kai duk ba mu yi tunani ba. Ina matar nan ta taɓa jin muryar kanta? Ai bai jiyar da kowa tasa ba. Ta wuce kanta jiya ba ta sani ba. Amma ta san ta mijinta. Juya dama."

Muka sake daga farko. Wannan ya fi na jiya nauyi. A dama yawancinsu ba kowa. Sai wani sauti kamar ana zuba yashi a ƙwarya, ka jira, ka jira, ka gane ba wanda ya zo. In kashe in ɗauko na gaba. Jefi-jefi wani ya yi sallama, ta ce ba shi ba ne. Ta ce mini, "Malam, ban san abin da zan roƙa ba. In ji shi, ko kada in ji shi."

Rana ta take tsaka, kwano ya fara ƙara don zafi. Na sa wani faifai daga layi na uku. Sautin yashin ya fito, amma da ƙarfi fiye da na sauran. Na ɗauka zaren ya lalace, na kai hannu zan kashe. Sai na ji tsawa daga nesa.

Ruwa ne. Ruwan sama yana dukan rufin kwano, wannan rufin da ke kanmu. Ya cika ɗakin har ba ka jin numfashinka. Hirar masu zaman makoki ta yanke a waje. A tsakar gida na ji ƙarar kwanoni da bokitai, mata sun fito tarar ruwa. Ta taga ina hangen wani dattijo ya miƙe tsaye ya tara tafin hannu, yana duban sama. Sama fari fat, ba ko ɗigon girgije.

Cikin ruwan sai wani ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Yana da wushirya, iska na fita da ɗan fito in ya yi magana. Matar ba ta amsa ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ce, "Bar shi."

Na cire hannuna.

Mutumin ya ce, "Na ji maganarki. Kin ce kin jira har kin gaji, in yafe miki. Ba abin yafewa. Ni na daɗe." Ruwa na ta zuba. "Kina jin sa? Na farko ke nan tun rabuwarmu. Ya zo, ba ni da ko akuya da za ta sha. Duk sun mutu. Ni ma ƙirjina ba daidai yake ba. Ba zan biyo ki Kano in zame miki kaya ba, kuma ba zan bar ki a ɗaure ba. Na sake ki, saki ɗaya. Ba don ƙi ba. In kin sami mai riƙe ki, ki zauna."

Sai wata murya ta ce, "Ka tabbata, ɗana? In ta shiga zaren nan ba ta fita."

Kawu ne. Kwanansa shida a ƙasa, ga shi a kusurwar dama yana magana da muryarsa ta kullum. Na ji Inna ta ja numfashi a bayan ƙofa.

Mutumin ya ce, "Na tabbata, Baba."

Kawu ya ce, "To na shaida. Zan sa fatake su neme ta."

Aka ji motsin tabarma, aka ji ƙofa ta buɗe ta rufe.

Matar ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu. Ta ƙirga daga farkon damina zuwa Sallar layya ta shekarar. Ta sake ƙirgawa. Sannan ta ce a kira mata maigidanta.

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Yaya?"

Ta ce, "Ya zo. Ya sake ni ranar ruwan farko. Mu kuwa sai bayan layya. Idda ta cika har da saura."

Falken ya zame ya zauna a dokin ƙofa. Ya cire hularsa ya riƙe ta a hannu. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce, "Shi fa? Yana nan da rai?"

Ba wanda ya sani. Wanda zai iya sani mun binne shi ran Talata.

Ya ce, "In yana raye Allah ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana. In ya riga mu, Allah ya sa ya huta." Matar ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta kawai ke motsi.

Faifan bai ƙare ba. Ashe bayan mutumin ya fita kawu bai kashe manyeton ba, ya bar ta tana ɗaukar ruwan har ƙarshen zare. Masu zaman makoki suka taso ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a bayan falken. Matan da suka fito da kwanoni suka taru a bakin taga, kwanonin na hannunsu. Manoman Dogo, da fataken Kano, da maƙwabta, kowa ya yi tsit cikin zafin rana, muna sauraron ruwan shekara goma da suka wuce yana sauka a kanmu. Ba wanda ya ce in kashe. Muna nan tsaye har zaren ya ƙare, bakinsa ya saki, yana dukan jikin manyeton.

Allah ya gafarta wa kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi amanar da ya riƙe wa bayinsa. Mu da muka saura, Allah ya ba mu ruwa.